Sunayen burodi da dangoginsa a Difa da kwarin Komadugu

0. Gabatarwa

Matafiyin da ya taso daga Yamai ya bi hanyar ƙasa mai lamba 1, sai ya ci kilomita sama da 1.300 kafin ya sauka tashar Difa. In gari ya waye ya zauna teburin mai shayi, zai tarar da burodi iri biyu: dogo mai ɓawo irin na Faransawa, da kuma mai taushi mai ɗan zaƙi irin na Najeriya. Kusa da teburin akwai mata masu tuya, wannan da tanda, waccan da kasko. Abin da ya saba kira farimasa a Yamai, nan zai ji wasu suna ce masa fanke. Abin da Bakano ke kira waina, nan masa ce.

Wannan bambanci na sunaye sanannen abu ne a ilimin karin harshe. A ƙasar Sikotland da Ingila, ɗan dunƙulen burodin da ake karya kumallo da shi yana da suna daban kusan kowane yanki: a Gilasgo "roll", a wasu wurare "bap", a Kobantiri "batch", a kewayen Mancesta "barm". A Abadin, garin masunta na arewa maso gabashin Sikotland, akwai wani mai gishiri da maiƙo da ake kira "rowie" ko "buttery". Jamusawa na arewa suna cewa "Brötchen", na Babariya "Semmel", na Balin "Schrippe". A Faransa kuwa gardamar "pain au chocolat" da "chocolatine" ba ta ƙarewa. Kalma ta biyu ta mutanen Bordo da Tuluz ce, kamar yadda taswirorin Mathieu Avanzi na 2017 suka nuna.

A cikin wannan ƙasida za mu duba irin wannan al'amari a Difa da kwarin Komadugu. Ra'ayin da muke son kafawa shi ne: sunan abinci yana bin hanyar da abincin ya biyo, watau hanyar fatauci da zirga-zirgar jama'a, ko da ta tsallake iyakar ƙasa ko iyakar harshe. Daga ƙarshe za mu faɗi abin da wannan ke ɗora wa masu rubuta ƙamus da littattafan makaranta.

1. Wurin da harsunansa

Kogin Komadugu Yobe yana samun ruwansa daga kogin Haɗeja da na Jama'are, ya zama iyaka tsakanin Nijar da Najeriya na tsawon kilomita wajen 150, sannan ya faɗa tafkin Cadi kusa da Boso. Ita kalmar komadugu da Barbarci "kogi" take nufi; ke nan in mun ce "kogin Komadugu" mun faɗi abu ɗaya sau biyu, amma haka al'ada ta tafi.

Harshen asali na kwarin shi ne Barbarci ko Kanuri, da kare-karensa: Manga wajen Maine-Sorowa da Gudumariya, Mobar a bakin kogi tun daga Difa har Boso, Tumari wajen Ngigmi. Akwai kuma Fulatanci, da Tubanci, da Larabci, da harshen Buduma na mutanen tafki. Hausa a nan harshen kasuwa ne da tasha da bariki. Mafi yawan masu magana da ita a kwarin wani harshe suka tashi da shi a gida. Wannan batu yana da muhimmanci, domin Hausar da ake yi tsakanin al'ummomi ta fi saurin karɓar kalmar duk wanda ya kawo kaya.

A ƙetaren kogi akwai Damasak da Malam Fatori, can yamma Gaidam da Gashuwa, can kudu Maiduguri. Mutanen gaɓa biyu dangin juna ne. A shekarun 1990 da 2000 naira ce kuɗin ciniki na yau da kullum a kasuwannin kwarin, duk da cewa sefa ce kuɗin hukuma. Tattasan Difa da busasshen kifin tafki kudu suke nufa, fulawa da sukari da man girki kuma daga kudu suke shigowa.

2. Alkama ta riga burodi

Kuskure ne a ɗauka cewa Turawa suka kawo alkama. Manoman Mobar sun daɗe suna noma ta da rani a bakin Komadugu, suna ban ruwa da jigo, tun kafin tattasai ya mamaye fadamun a ƙarshen ƙarni na 20. Sunanta ma shaida ne:

(1) Larabci al-qamḥ, Hausa alkama, Barbarci algama

Abin lura shi ne "al-", wanda a Larabci harafin fayyacewa ne (article défini), ya manne ya zama ɓangaren kalma. Bahaushe ya ji al-qamḥ a dunƙule ya ɗauka. Joseph Greenberg ya tattauna irin waɗannan kalmomi a nazarinsa na 1947 a kan kalmomin Larabci cikin Hausa. Haka aka yi wa Faransanci bayan ƙarnoni: "l'école" ta zama lakkwal. A Barbarci kuwa k ta tsakiyar kalma ta yi laushi ta koma g, abin da ya dace da ɗabi'ar harshen.

Tsofaffin abincin alkama da na toyi su ma da dama sunan Larabci gare su:

(2) al-kaʿk ta ba da alkaki
(3) qurṣ, watau faifan gurasa, ta ba da gurasa
(4) kisra, watau gutsuren gurasa, ta ba da kisira ko kisar

Mu kwatanta (1) da (3). Harafin Larabci ɗaya ne, ƙaf, amma a alkama ya fito k, a gurasa ya fito g. Larabawan Libiya da na Cadi da na Sudan da Shuwa na Barno duka g suke furta wannan harafi. Ke nan gurasa daga bakin irin waɗannan Larabawa aka ji ta, a kasuwa da gida, ba a cikin littafi ba. A Kano tarihin gurasa yana haɗe da Larabawan fatake na Tarabulus da Gadamas da suka zauna birni. A Sudan har yau akwai gurasar alkama mai kauri da ake kira "gurrasa". Kisira kuwa, mai laushi kamar takarda, wadda aka fi yi da ƙullun dawa mai tsami, abincin Cadi da Sudan ce. Yadda mutum ya ƙara matsawa gabas wajen tafki haka yake ƙara cin karo da ita.

Sinasir kuma, wanda ake yi da ƙullun shinkafa a toya shi gefe ɗaya a rufe, Hausawa kansu sun san daga Barno ya zo musu. Haka burabusko, wanda wasu ke kira biski. Greenberg ya nuna a 1960 cewa Hausa ta ari kalmomi da yawa daga Barbarci, har da na karatu da sarauta. Kalmomin madafa sun bi wannan hanya ta gabas zuwa yamma. A Difa, ke nan, sinasir da burabusko ƴan gida ne. A Maraɗi ko Sakkwato baƙi ne da suka zauna.

3. Burodi: kalma uku, hanya uku

Burodin gidan gashi, mai yisti, shi ne wanda ya zo da zamanin Turawa. A nan ne taswirar ta fi fitowa sarai. Mu dubi sunansa a manyan harsunan hulɗa uku da ke kewaye da Difa:

(5) Hausa: burodi, buredi, biredi
(6) Zabarmanci: buuru
(7) Larabcin Cadi: mappa

Nijar da Cadi duka Faransa ta mallake su, amma ba ɗaya daga cikin kalmomin nan uku da ke kama da "pain" kai tsaye. Kalmar Zabarmanci ƴar'uwar "buuru" ta Bambara ce da "mburu" ta Wolof. Ta biyo hanyar mulkin Faransa daga Senegal, ta ratsa Mali, ta gangaro kogin Kwara tare da sojoji da ma'aikata da kuku. Ta Cadi ƴar'uwar "mapa" ta harshen Sango da Lingala ce. Ta hauro daga Kongo da Ubangi, hanyar da Faransawa suka bi suka shigo Cadi daga kudu. Ta Hausa kuwa daga "bread" ta Ingilishi take, kuma da ita Hausawan Nijar ke amfani daga Dogon Dutsi har Ngigmi.

Dalili a fili yake. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya iso Nguru a 1930, ya iso Maiduguri a 1964. Nguru tana dab da ƙasar Manga. Gyaɗa da dabbobin gabashin Nijar can suke sauka, ƴan cin rani can suke zuwa, fulawa kuma daga can take hawa. Bafaranshen da ke bariki yana cin "pain" ɗinsa, amma talaka a tasha ya fara ganin burodi a hannun ɗan'uwansa da ya dawo daga kudu, shi kuwa da sunan ya zo.

Siffar kalmar ta bi ƙa'idar gaɓar Hausa. Hausa ba ta fara kalma da baƙi biyu a jere, kuma ta fi son ta ƙare suna da wasali. Saboda haka aka cusa wasali tsakanin b da r, aka ƙara i a ƙarshe. Haka aka yi a waɗannan:

(8) "brush" buroshi, "driver" direba, "flour" fulawa

Bambancin burodi da buredi da biredi bambancin wasali ne kawai: a siffa biyu na farko leɓɓancin b ya jawo u, a ta uku wasalin gaba ya rinjaya. Dukansu Hausa ne.

Da burodi ya zama iri biyu a kasuwa ɗaya, sai harshe ya nemi hanyar rarrabewa. Waɗanda suka yi lakkwal sukan ce baget. Sauran jama'a su ce dogon burodi, ko su ce burodi kawai su nuna da hannu. Ɗayan kuma a siffanta shi da zaƙinsa ko da ƙasar da ya fito. Mu lura: kalmar Ingilishi ce ta zama uwa, ta Faransanci ta zama sunan iri ɗaya a ƙarƙashinta, a cikin ƙasar da aka yi shekara da shekaru ana karatu da Faransanci.

4. Kayan tuya: abu ɗaya suna biyu, suna ɗaya abu biyu

4.1. Fanke da farimasa

Ƙullun fulawa mai yisti da sukari, a dunƙula a jefa cikin mai: Faransanci "beignet". A arewacin Najeriya fanke ake cewa, daga "pancake" ta Ingilishi. Hausa ba ta da p a matsayin ƙwayar sauti mai zaman kanta, sai f ta maye gurbinta. Ma'anar ma ta gusa, domin abin da Bature ke kira "pancake" shimfiɗaɗɗe ne, fanke kuwa dunƙulalle.

A Yamai da yammacin Nijar farimasa ake cewa. Bahaushe da ya ji kalmar yakan fassara ta da "masa mai fari". Nahawu bai goyi bayan wannan fassara ba: masa mace ce, da siffa ce ta Hausa da sai a ce farar masa. Bayanin da ya fi dacewa shi ne ɓangaren farko daga "farine" ta Faransanci yake, tsarin kuma na Zabarmanci ne, inda mai fayyacewa ke gabatar abin da ake fayyacewa ba tare da mahaɗi ba: masar fulawa ke nan. Fassarar "fari" misali ce ta abin da ake kira étymologie populaire, watau jama'a su ba baƙuwar kalma asali daga abin da kunnensu ya saba.

Difa tana inda kalmomin biyu ke haɗuwa. Fanke ta zo ta kogi, farimasa ta zo ta kwalta tare da ma'aikata da sojoji da ɗalibai, musamman tun da aka kafa jami'ar Difa a 2014. Mai tuya ta san duka biyu, kuma daga wadda mai saye ya furta takan gane inda ya fito.

4.2. Masa da waina

Kano waina take cewa, Bauci masa. A Nijar an san duka biyu, amma masa ta fi yawo. Kalmar masa ta wuce ƙasar Hausa: akwai ta a Zabarmanci da Barbarci da Yarbanci da harsunan arewacin Gana. Sai dai kalmomin biyu ba daidai suke ba ta kowace fuska. Waina tana karɓar wasu abubuwa:

(9) wainar ƙwai, wainar fulawa, wainar rogo

Ba mai cewa "masar ƙwai". Masa ta tsaya ga abin da aka toya a tanda mai gurabe. Haka kuma a salon magana: ko wanda masa yake ci kullum, in bai fahimci abin da ake ƙullawa ba, cewa zai yi bai san wainar da ake toyawa ba.

Akwai kuma wata matsala ta daban. A garuruwan Najeriya da dama in an ce masa, ta shinkafa ake nufi. A karkarar Nijar ta gero ce ta asali. A kwarin Komadugu, inda ake noman shinkafa a fadama da gero a tudu, ana samun kowace. Suna ɗaya, hatsi biyu.

4.3. Ƙosai

Ƙosai, na wake, sunansa bai cika canzawa ba a gabas: Barebari ma haka suke kiransa, har Gana ya tafi ya zama "koose". Iyakarsa tana yamma, inda Zabarmawa ke cewa "cecena", da kudu, inda Yarbawa ke cewa "akara". Wannan misali yana nuna cewa kowace kalma da tata iyaka (isoglosse). Iyakar ƙosai daban, ta fanke daban, ta burodi daban. Ba za a ja layi guda a taswira a ce ga Hausar Nijar ga ta Najeriya ba.

5. Suna yana komawa kan abincin gari

Misali ɗaya daga Larabci zai ƙara haske. Kalmar ʿaysh asalinta "rayuwa". A Masar burodi take nufi. A ƙasashen Tekun Fasha shinkafa. A Cadi kuwa, inda ake furta ta "esh", tuwo ne. Kowace al'umma ta ɗora kalmar a kan abin da ke riƙe da ita. Hausa ma haka take yi da tuwo: in aka ce mutum ya tafi neman tuwo, abinci gaba ɗaya ake nufi. Burodi bai kai wannan matsayi ba a Difa. Abincin safe ne da na tafiya, na mai ɗan kuɗi a hannu, kuma farashinsa yana rataye da alkamar waje, kamar yadda aka gani a 2022 lokacin da yaƙin Ukren ya tada farashin alkama a duniya.

6. Abin da ya canza tun 2015

Ranar 6 ga Fabrairu 2015 Boko Haram ta kai hari Boso da Difa. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana cinikin tattasai da kifi na wasu shekaru, aka rufe kasuwanni da dama, ƙauyukan bakin kogi da na tsibirai suka watse. Ƴan gudun hijira daga Barno da Yobe da kuma ƴan ƙasa da suka bar gidajensu, sama da mutum 200.000, suka zauna a sansanin Sayam Foraj da gefen kwalta da unguwannin Difa. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta da takunkumin CEDEAO daga 2023 zuwa farkon 2024.

Ga mai nazarin harshe, wannan yana nufin hanyoyin da muka bayyana sun motsa. Tuya sana'a ce da mace za ta fara da kasko ɗaya da mudun gari, shi ya sa mata da yawa da suka rasa gonaki suka shige ta, kowace da sunayen garinsu. A gefe guda kuma ma'aikatan agaji daga Yamai da sauran jihohi sun zo da nasu. Duk bayanin karin harshen Difa da aka tattara kafin 2015 sai a ɗauke shi a matsayin hoton wancan lokaci.

7. Darasi ga ƙamus da littafin makaranta

Batun daidaita rubutun Hausa an daɗe ana yinsa: taron Bamako na 1966, makarantun gwaji na harsunan ƙasa tun 1973, ƙudurin ƙa'idojin rubutu na 1999. A watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar. Ke nan za a ƙara rubuta littattafai da takardun hukuma da Hausa, kuma tambayar "wace kalma za a sa?" za ta taso a kowane shafi.

Daidaita haruffa abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da daidaita kalmomi. Ƙamus na Bargery na 1934 ya kan nuna yankin kalma da ɗan taƙaitaccen harafi, Katsina ko Sakkwato ko wani wuri. Wannan ɗabi'a ta cancanci a riƙe ta. Idan littafin aji biyu da aka rubuta a Yamai ya sa hoton abin tuya ya rubuta farimasa kawai, yaron Boso da ya ce fanke zai sha jan biro a kan kalmar da uwarsa ke sayar da abin da ita. Yaron nan kuwa Hausa harshensa na biyu ne. In aka ce masa wadda ya iya kuskure ce, an rage masa dalilin koyo. Haka ma ma'aikaciyar lafiya da ke cika takardar abin da yaro ya ci: in ta rubuta masa ba ta tambayi hatsin ba, ba ta san ko gero ya ci ko shinkafa ba.

Muna ba da shawara uku. Na ɗaya, kowace kalmar abinci a ƙamus ta zo da alamar yankinta da kuma takwarorinta na sauran yankuna. Na biyu, a bayyana abin da kansa: hatsinsa, ko ana barin ƙullun ya tashi, da yadda ake dafa shi, a mai ko a tanda ko a gashi, fassara da "galette" ko "beignet" kaɗai ba ta isa ba, domin "galette" ɗaya tana rufe masa da sinasir da gurasa da kisira. Na uku, littafin makaranta ya zaɓi kalma ɗaya don rubutu, amma jagoran malami ya lissafa sauran ya ce karɓaɓɓu ne.

8. Kammalawa

Mun ga cewa alkama da gurasa da kisira sun zo da Larabawa, sinasir da burabusko daga Barno, burodi da fanke daga kudu ta hanyar jirgi da kogi, farimasa da baget daga yamma ta kwalta. Aikin da ya rage na fili ne: a ɗauki hotunan abubuwan nan, a zaga kasuwannin Gudumariya da Maine-Sorowa da Difa da Ngigmi, a tambayi masu tuya da masu saye sunan kowane da Hausa da kuma harshen gidansu, a rubuta shekarun mai amsa da garin da ya fito. Ɗaliban sashenmu ƴan jihar Difa su ne suka fi dacewa da wannan aiki a lokacin hutu.